Kafin Ka Ja Murfi a Kanka

Ɗana,

Labarin tankin da ka sayo a Ƙofar Ruwa ya iso ni tun kafin mahaifiyarka ta aiko. An ce ka yanka shi ka sake haɗawa, ka fasa masa taga, ka ɗaura masa farfela a baya, kuma niyyarka in an kammala girbin shinkafa ka kai shi ruwa, ka shiga ka ja murfi, ka nutse ka taso, irin jiragen nan masu tafiya a ƙarƙashin teku. Ita so take in tsawatar maka. Ni kuwa na ga tsawa ba za ta amfane ka ba. Wanda ya kwashe watanni yana tara kuɗin waldarsa yana zubawa a abu ɗaya, ba da tsawa ake raba shi da shi ba; ɓoyewa kawai zai koma yi, ya je ya gwada da daddare babu kowa a kusa. Wannan ne abin da na fi tsoro. Saboda haka bari mu yi maganar a fili, irin ta waɗanda suka san ƙarfe da inji.

Ban raina hannunka ba, kuma ba kai ne farkon ɗan Kano da ya yi irin wannan tunani ba. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, yana ɗalibin Fiziks a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen motoci da babura, ya ɗaga da shi kimanin ƙafa 7, duniya ta ji labari. Na yi murna da shi a lokacin, har gobe kuma ina yi. Sai dai ka lura da abu ɗaya. Shi duk inda jirginsa ya kai shi, iska na kewaye da shi kyauta. In injin ya mutu faɗowa zai yi, ya ji ciwo ko ya tsira, amma ba zai rasa abin shaƙa ba. Kai kuwa inda za ka, babu numfashi sai wanda ka shiga da shi.

Duk wanda ya ji labarin tankin nan tambayarsa ɗaya ce: ruwa ba zai shiga ba? Na san kai ma can hankalinka yake, kana bin layin walda da ruwan omo kana neman inda zai yi kumfa. Daidai ne. Amma ranar da ka ci nasarar hana ruwa shiga, a ranar ka hana iska shiga. Ka san yadda muke ajiye wake a Madobi: a cika duro a ɗaure murfinsa da roba, ko a zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki a ƙulle baki. Ba a sa magani ko ɗigo. Ƙwarin da ke ciki su ke shanye iskar da kansu, su mutu. Duron da ya fi rufuwa shi ya fi saurin kashe su. Gwanintarka a walda, in ba ka haɗa ta da ilimin numfashi ba, abin da za ta ƙera maka ke nan.

Mu yi lissafi. Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin, wanda jiki ke rayuwa da shi; kusan duk sauran naitirojin ne, shiga yake yi ya fito. Namiji baligi yana zaune bai motsa ba yana cin oksijin kamar lita 20 a awa, ya fitar da kabon dayoksaid, wato iskar da jiki ya gama da ita, abin da ya kusa haka. In yana juya sitiyari, yana murɗa bawul, gabansa na faɗuwa, abin ninkawa yake yi. A ce cikin tankinka ya kai lita 1,000, duro biyar ke nan, ban ma cire gurbin jikinka da kujera da kayan aiki ba. Cikin awa 2 oksijin ya sauko wajen kashi 17, kabon dayoksaid ta haura kashi 3. A fili, cikin gonarka, kashi 4 ce cikin 10,000. A kashi 3 cikin 100 kai ya fara sarawa, numfashi ya yi sauri. A kashi 5 haki ne da gumi da ruɗewa, mutum ya kama bawul ɗin cikawa ya ɗauka na zubarwa ne. Daga kashi 8 zuwa 10 suma ce cikin 'yan mintuna. Ka ga ke nan ba ƙarewar oksijin ke fara kayar da mutum a rufaffen wuri ba. Abin da ya fito daga ƙirjinsa ne ke dawo masa. Masu aiki da jiragen nutso ba sa barin ta wuce rabin kashi ɗaya.

A watan Yunin 1973 wani ƙaramin jirgin nutso mai suna Johnson Sea Link ya maƙale a jikin wani tsohon jirgin yaƙi da aka nutsar kusa da Key West a Amurka, a zurfin mita 110 ko kusa da haka. Mutum huɗu ne a ciki, biyu a ɗakin gaba, biyu a na baya. Jirgin bai fashe ba, ruwa bai cinye su ba. Bayan fiye da kwana guda aka fito da shi, na gaba da ransu, na baya sun rasu. Ɗakinsu na alminiyon ne, sanyin ruwa ya ratsa shi, sinadarin da ke tsotse musu kabon dayoksaid ya rage aiki saboda sanyin, iskar ta taru ta kashe su. Ɗaya daga cikin mamatan, Edwin Clayton Link, ɗan mutumin da ya zana jirgin ne. In ilimin uba na tsare ɗa daga wannan, da ya tsare shi.

Maganin kabon dayoksaid sananne ne. Wani sinadari ne fari mai tsaba-tsaba da ake kira soda-laim. Shi ake zubawa a na'urar sa barci ta ɗakin tiyata. Duk ma'aikacin da ke sa majinyaci barci a Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala ya san shi, ya kuma san yadda yake sauya launi in ya ƙoshi. Ba a kwano ake ajiye shi a gefe ba. Gwangwani ake yi masa, a cika shi dam yadda iska ba za ta sami kwararo ta zille ba, a sa fanka tana jan iskar ɗakin ta cikinsa babu tsayawa. Kilo ɗaya a aikace bai fi ya ɗauki lita 100 da 'yan kai ba, wato awa 4 ko 5 na mutum ɗaya mai natsuwa. In ya jiƙa, ƙona fata da maƙogwaro yake yi. In fankar ta tsaya kuwa da shi da babu duk ɗaya, don haka fanka biyu, kowace da batir ɗinta. Kuma kada wani ya ce maka sodar masu sabulu ko farar ƙasa za ta maye gurbinsa.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunnenka da kyau, domin a nan masu wayo suke mutuwa. Ƙuncin nan da kake ji in ka riƙe numfashi, wanda ke tilasta maka buɗe baki, ba rashin oksijin ke kawo shi ba. Taruwar kabon dayoksaid a jini ce. Allah ya sanya mana ita ta zama mai gargaɗi. To ranar da gwangwaninka ya yi aiki da kyau ya tsotse ta, ka sallami mai gargaɗin. Oksijin zai yi ta sauka, kashi 18, 15, 12, kai kuwa ba haki ba ciwo, sai wata kasala mai daɗi, tunani ya yi nauyi, wani ma har nishaɗi yake ji. Ƙasa da kashi 10 mutum ya kife bai san ya kife ba. Jarumtaka ba ta maganin wannan, domin ƙwaƙwalwar da za ta yi jarumtakar ita ce ke fara dusashewa. Kada ka ce a ranka, in na ji ba daidai ba sai in taso. Ba za ka ji ba, ɗana.

Ba sai mun je Amurka ba ma kafin mu ga yadda gurɓatacciyar iska ke kisa. Ka tuna abin da ke faruwa da mu a nan in bazara ta kama. Wanda gonarsa ke bakin kanal a Kura ko Kadawa ko Bunkure, ruwan Tiga na zuwa masa da ƙafarsa. Mu na gefe, da waɗanda ke ƙarshen layi inda ruwan kan yanke, rijiya muke haƙawa a fadama mu ɗora inji. Injin ban ruwa kuwa, kowane iri ne, ba ya zuƙo ruwan da ya yi ƙasa da shi fiye da mita 7 ko 8. In Maris ya raba, Afrilu ya shigo, ruwa ya ja ƙasa, tumatir da albasa na neman ƙonewa, sai a ɗaure injin da igiya a zura shi cikin rijiyar, ko a haƙa masa rami mai zurfi. Ya yi ta aiki yana zuba hayaƙi a wurin da iska ba ta kewayawa. Can ya tsaya. A ce wa yaro sauka ka duba. Ya sauka, ya sunkuya, shiru. Wansa ya bi shi, shi ma shiru. Uban ya bi. Na taɓa tsayawa a bakin irin wannan rijiya, na ga an jera 'yan gida ɗaya a kan tabarma, babu wanda ruwa ya taɓa hancinsa. Hukumar kashe gobara ta Jihar Kano ba ta rabuwa da sanar da irin wannan labari, daga rijiya ko daga masai, kuma sau da yawa waɗanda suka shiga ceto sun fi wanda aka shiga cetowa yawa.

Sai ka ji an ce rijiyar na da mutanen ɓoye. Ban musa akwai abin da ido ba ya gani ba, amma abin da ya kashe waɗannan bayin Allah an san shi. Hayaƙin fetur na ɗauke da kabon monoksaid, ba shi da launi, ba shi da wari, jini kuma ya fi kama shi a kan oksijin fiye da sau 200. Shi ne dai ke kashe iyali in an kwana da janareta a cikin gida, ko da gawayi a kasko an toshe taga lokacin hunturu. Ko babu inji, kabon dayoksaid ta fi iskar sarari nauyi, kwanciya take yi a gindin tsohuwar rijiya. Magabatanmu masu yasa sun san wani abu a kai. Sukan zura fitila da igiya kafin mutum. In ta mutu babu mai sauka, sai an ɗaure ganye an yi ta zurawa ana jawowa har iskar ta sauya. Hikima ce babba, don wuta na mutuwa in oksijin ya sauko wajen kashi 16, tun mutum na da sauran ƙarfi. Amma fitila ba ta ganin kabon monoksaid, tana ci lafiya lau a iskar da za ta kashe ka, a masai kuwa ita kanta na iya tayar da gobara. A cikin tankinka ma ba ta da wurin zama.

Abin da zai maye gurbinta na'ura ce: mai auna oksijin, mai auna kabon dayoksaid, kowace da ƙararrawa. Ma'aikatan kamfanonin mai da na ma'adinai kan maƙala irinsu a ƙirji. Kuɗinsu zai yi maka nauyi, na sani. In kuɗin bai kai ba, to aikin ne bai kai ba. Su ya kamata a saya kafin farfela, kafin fenti. Ƙa'idar da masana'antu ke bi ita ce kada mutum ya zauna inda oksijin ya gaza kashi 19.5, ko inda ya haura 23.5.

Iyakar nan ta sama ita ce mai walda ya fi kowa bukatar ji, don kai da tukunyar oksijin kun saba, sabo kuwa shi ke kawo raini. Ka san abin da yake yi wa harshen wuta in kana yankan ƙarfe. Haka zai yi wa rigarka, da soson kujera, da gashin kanka, in ya yi yawa a ɗaki. A Janairun 1967 'yan sama-jannatin Amurka uku suka ƙone a kumbon Apollo 1 yana ƙasa, ko tashi bai yi ba, gwaji ake yi. An cika ɗakin da oksijin zalla, tartsatsi ya kama, wutar ta ƙara matsin ciki, ƙofar kuwa ciki take buɗewa, matsin ya danne ta. Shi ya sa ba a buɗe tukunya a bar ta tana huci. Ana sa mata regileta da ma'aunin kwarara irin na asibiti, a riƙa saki kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da jiki ke ci, kamar sulusin lita a minti. Giris ko baƙin mai kada ya kusanci bawul ɗinta, ko da a hannunka yake. In ya haɗu da oksijin mai matsi kamawa yake yi da kansa. Gara ma tukunyar ta zauna a wajen ɗakin, siririn bututu ya shigo da abin da ake bukata, da makulli a daidai inda ya ratsa ƙarfe.

Batir ɗin mota ma ba abokin zama ba ne a rufaffen wuri. Yana fitar da haidirojin, musamman wajen caji, shi kuma kashi 4 ya ishe shi ya kama. A yi masa nasa akwatin a waje. Injin fetur ko na dizal kada ma a kawo zancensa. Sannan ka binciki tarihin tankin, me aka taɓa zubawa a ciki, don ƙarfen da ya sha fetur ko maganin feshi yana daɗewa yana amayar da shi. Tsatsa ma cin oksijin take yi. Tankin da ya jima a rufe, a buɗe shi a hura masa iska kafin a zura kai.

Sai zancen matsi. Jirgi irin naka, wanda ake rufewa ruf, amfaninsa shi ne ƙarfe ya ɗauki nauyin ruwa, kai a ciki ka zauna a matsin iska irin na bakin gaɓa. Aikinka ke nan, ka tsare wannan matsi kada ya hau, kada ya sauka. Ka rataya geji mai nuna matsin ɗakin a gaban idonka, ka yi wa inda allurar take alama a lokacin da ka rufe. Jikinka na cin oksijin, gwangwani na shanye abin da ka fitar, don haka iskar ɗakin raguwa take yi, allura ta yi ƙasa. Sai ka ƙara oksijin har ta koma kan alama. In ta wuce alama tana hawa, wani abu na yoyo, ko tukunyar oksijin, ko ta iskar da kake korar ruwa da ita daga tankunan nutso. Tasowa ake yi nan take, a nemi dalili a tudu. Amma kada ka dogara da allurar ita kaɗai. Yoyon iska kaɗan na iya cike gurbin oksijin da ka cinye, allura ta tsaya cak a kan alama, kana ganin komai lafiya alhali abin shaƙa na ƙarewa. Geji bai san wace iska ce ke danna shi ba. Dalilin da na ce ma'aunin oksijin dabam ke nan.

Ka auna murfinka. In faɗinsa rabin mita ne, kowace mita ɗaya ta ruwa a kansa nauyin kilo 200 ce. A mita 5 tan guda. A mita 10, inda matsin ya ninka na sarari, tan biyu. Babu ƙaton da zai ɗaga wannan da kafaɗa. Wanda ya maƙale a ƙasa ba ya iya buɗewa sai ya bar ruwa ya cika ɗakin, ciki da waje sun daidaita, kuma wannan abu ne da ƙwararru ma ke tsoro. Ko a saman ruwa murfin na da nasa sharrin. Ka rufe kanka a zafin Afrilu, ma'auni ya haura digiri 40, ka shiga ruwa mai sanyi. Iskar ciki na iya takurewa da kamar kashi 5 cikin 100, ka taso lafiya, murfi ya ƙi buɗuwa, kilo 100 na danne da shi ba ka gani. In kuma matsin ciki ne ya ƙaru da kashi 10, da an zare sakata zai yi sama da ƙarfin kilo 200, ya sami fuskar ƙaninka da ya sunkuyo zai taimake ka. Ƙaramin bawul ne maganin duka biyun, wanda za a buɗe a daidaita ciki da waje kafin a taɓa sakata, da wani mai sakin iska da kansa in ta yi yawa. Sakatar kuma ta buɗu ta ciki, ta buɗu ta waje.

An gaya mini kana tunanin sauƙaƙa wa kanka da tiyo, ka ɗaure bakinsa a jarka tana yawo a sama, iska ta riƙa sauko maka. Iska ba ta sauka don an yi mata hanya, sai an tura ta. Numfashi ɗaya kamar rabin lita ne, tiyo mai faɗin inci ɗaya kuwa kowace mita tasa na ɗaukar rabin lita. Wanda ya sa baki a tiyo mai mita 3, numfashinsa ne yake turawa sama kaɗan ya sake jawowa. In jikinsa a cikin ruwa yake, da ya wuce mita ɗaya ƙirjinsa ma ba zai buɗu ba. In ɗaki za a shayar, sai tiyo biyu, na shiga da na fita, da abin hurawa. Kuma kowane tiyo ƙofa ce: jarka ta kife, ko kwale-kwale ya yanke shi, abin da zai sauko maka ruwa ne. Kwamfaresar mai faci kuwa ta taya ce. Iskarta a gauraye take da tururin mai, injinta na fetur na huci a gefen inda take zuƙa.

Akwai masu cewa a bar gindin jirgin a buɗe, a riƙa tura iska tana hana ruwa hawowa. Ana yin haka, amma ka sani a nan jikinka ne ke ɗaukar matsin, ba ƙarfe ba. Labarin Harrison Okene ya ishe ka darasi. Kuku ne a wani jirgi mai jan manyan jirage, Jascon 4, wanda ya kife a teku daura da Escravos a Jihar Delta ranar 26 ga Mayun 2013, ya zauna a zurfin mita 30. Abokan aikinsa 11 babu wanda ya tsira. Shi Allah ya kai shi wani lungu da iska ta maƙale, ya zauna cikin duhu da sanyi kimanin awa 60, har masu nutso da suka zo ɗibar gawa suka ga hannu ya miƙo. Masana sun ce ruwan da ke ƙarƙashinsa ya taimaka wajen shanye wani kaso na kabon dayoksaid. To ga abin lura: da suka same shi, ba su haura da shi sarari ba. A mita 30 matsin ya ninka na sarari sau 4, naitirojin ya narke ya cika masa jini da tsoka. Da an fito da shi kai tsaye, da ya zama kumfa a jijiyoyinsa, ya shanye masa jiki ko ya kashe shi a gaban masu murna. Sai da aka sa shi a wani ɗakin ƙarfe na musamman ana rage matsin sannu a hankali, ya ƙara fiye da kwana biyu a ciki. Irin wannan ɗaki ba a bakin dam ake samunsa ba. Sannan wanda ya shaƙi iska a ƙarƙashin matsi, ya riƙe numfashi ya taso, iskar na kumbura a huhunsa har ta yaga shi, ko da daga zurfin da bai fi tsayin mutum ba.

Za ka ce minti 20 kawai za ka yi. Ba don tafiyar da aka shirya ake tanadin iska ba, don ranar da aka maƙale ne. Ƙasan ruwanmu ba daɓe ba ne. Laka ce mai riƙo, da ragar masunta da ta tsinke, da kututture, ga duhu. Da damina ko tafin hannunka ba ka gani. Bangon Tiga, da aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, tsayinsa mita 48 ne. Ka ɗauki lissafin murfin nan ka kai shi can ka gani. Babban kanal kuma kada ka raina zurfinsa, ruwansa na gudu, gefensa siminti ne mai santsi, yana bi ta ƙofofi da ƙarƙashin hanyoyi. A ƙarshen Agustan 1973 wasu 'yan Birtaniya biyu, Roger Chapman da Roger Mallinson, suka maƙale a cikin jirgin nutso Pisces III a zurfin mita 480 daura da Ailan, awa 76. Da aka buɗe musu, oksijin na minti 12 ya rage. Kafin su sauka Mallinson ya cire tukunyar da aka fara sha ya ɗaura cikakkiya, ita ta kai su. Hukumomin da ke tantance irin waɗannan jirage sukan sharɗanta tanadin ko-ta-kwana na akalla awa 72 bayan na tafiyar kanta. Su Chapman da Mallinson daga Birtaniya da Amurka da Kanada aka tara musu kayan ceto. Kai wa zai zo maka? Sarkin ruwa da yaransa, da numfashin ƙirjinsu. Don haka dole waya mai kauri ta kasance a ɗaure da jirgin, ɗaya bakin a tudu a jikin abin da zai iya jawo shi. Dole a sami nauyin da za ka saki daga ciki da hannu ɗaya, babu lantarki, jirgin ya taso da kansa. Dole kuma na sama su riƙa jin muryarka.

Ka ji labarin jirgin nutso Titan a Yunin 2023, da duniya ta yi kwanaki tana ƙirga awa 96 na iskarsu, ashe jirgin ya murƙushe tun ranar farko a hanyar zuwa ga Titanic, da mutum biyar har da shugaban kamfanin. Kuɗi bai gaza musu ba. An yi ta jan kunnensa ya kai jirgin wata hukuma mai zaman kanta ta tantance, bai kai ba. Mai ƙira ba kasafai yake ganin aibin ƙirarsa ba. Ka ɗauki zanenka ka kai tsangayar injiniya ta Jami'ar Bayero ko jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, ka roƙi a duba maka kaurin ƙarfe da na taga. In sun ce tankin ba zai yi ba, ka yarda. Tankin ajiya an yi shi ne ya riƙe abin da ke turowa daga ciki. Matsi daga waje lanƙwasa shi yake yi farat ɗaya. Ruwan kuma yana da masu shi. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da dam da kanal, ga hakimi, ga dagaci, ga sarkin ruwa. A nemi izini da rana tsaka.

Gwajin numfashi a tudu ake yin sa, a inuwa, a ƙofar shagonka, tun jirgin bai ga ruwa ba. Ka shiga da na'urorinka, a rufe, minti 10 a karon farko, kana karanto lambobi da ƙarfi, na waje na rubutawa. Na wajen nan ya zama mutum mai hankali wanda ba ya jin nauyinka, ba yaron shagonka ba. Ku yi alkawari tun kafin ka shiga: in muryarka ta sauya, ko ka maimaita lamba, ko ka yi jinkirin amsawa, buɗewa zai yi ko da kana rantsuwa lafiyarka ƙalau. A wannan lokacin hukuncinsa ya fi naka inganci, don shi ke shaƙar iska mai kyau. Gwajin ruwa kuwa babu kai a ciki. Buhunan yashi daidai nauyinka, a zura jirgin da waya ya wuce zurfin da kake nufi, ya jima a can, a jawo a duba ko ɗigo ya shiga, ko allura ta motsa. A maimaita, a sake maimaitawa. Sai bayan nan, in masana sun amince, a yi zancen mutum, a ruwa mara gudu wanda na tsaye a gefe zai iya kai hannu ga murfin.

Ina da wata bukata a wurinka kafin duk wannan. Ilimin da za ka tara saboda jirgin nan, rijiyoyinmu sun daɗe suna jiransa. Ka ƙera mana abin hura iska, fanka mai ƙarfi a cikin gwangwani, mai aiki da batir ɗin babur, da tiyo mai faɗi da zai kai gindin rijiya, yadda za a jima ana hurawa kafin mutum ya sauka, a kuma ci gaba yana ciki. Ka haɗa da ƙarfe mai ƙafa uku da za a kafa a baki, da abin naɗe igiya, da ɗamara mai ratsa cinya da ƙirji, don a jawo wanda ya faɗi ba tare da wani ya bi shi ba. Ka kuma koyi haɗa famfon lantarki mai nutsewa da sola, domin mu daina zura injin fetur a rami. Ka fara da rijiyar gonata ta wajen Challawa, ita ta fi zurfi a layinmu. In ka sami sarari ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka taho da tef ɗinka mu je mu auna ta.